"Kowa da Gaskiyarsa": Ruwan Kogin Haɗejiya, Tarihin Sarki Buhari da Iyakar Binciken Falsafa

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, wato "kowa da gaskiyarsa", ta gwada ta a kan saɓani biyu da ƙasar Haɗejiya ta daɗe da su: saɓanin abin da madatsun Tiga da Challawa suka yi wa fadamar Kogin Haɗejiya, da saɓanin yadda ake hukunta mulkin Sarki Buhari. An yi amfani da rabe-raben hukunci da malaman tauhidi suka karantar a zaurukan ƙasar Hausa, musamman na Shehu Sanusi, tare da leƙa muhawarar masana falsafa na wannan zamani. Matsayar maƙalar ita ce, wannan magana tana cakuɗa tambayoyi iri uku da ya kamata a rarrabe, kuma idan aka mai da ita aƙida, mai riƙe da makullin ƙofar ruwa kaɗai take yi wa amfani. Daga ƙarshe an nuna inda ƙafar falsafa take tsayawa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake gardamar ruwa a Haɗejiya ko Auyo ko Guri ya san yadda zancen yake tafiya. Manomin shinkafa zai ce dam ne ya kashe masa gona. Ma'aikacin ruwa zai ce fari ne da ƙarancin damina. Masunci zai ɗora laifin a kan ciyawar kacala, makiyayi kuma ya ce masu injin ban-ruwa ne suka toshe masa burtali da mashaya. Da murya ta fara tashi, sai wani dattijo ya ce, "To, a bar maganar nan, kowa da gaskiyarsa." Sai a watse da zumunci, matsalar kuwa tana nan inda aka same ta.

A bakin dattijon, maganar dabara ce ta kashe wuta, kuma ba ni da ja da ita a wannan matsayi. Abin da ya dame ni shi ne yadda take tashi daga dabarar sulhu tana komawa aƙida, musamman a makarantunmu da kafafen sada zumunta, inda za ka ji ɗalibi yana cewa ai babu wata gaskiya tsayayya, abin da kowane mutum ko kowace al'umma ta yarda da shi, shi ne gaskiyarta. Wannan maƙala tana son amsa tambayoyi uku. Shin saɓanin da muke gani a kan ruwa da tarihi hujja ne cewa gaskiya tana da yawa? Wa ke cin ribar wannan ra'ayi, wa kuma ke asara? Sannan ina ne aikin falsafa yake ƙarewa a irin wannan saɓani?

2.0 Muhawarar ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu

A ƙasar Girka ta ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Furotagoras ya yi iƙirarin cewa mutum ne ma'aunin komai, abin da ya bayyana gare ka shi ne gaskiya a wurinka. Aflatun ya ba shi amsa da hujjar da har yau ba ta tsufa ba: idan kowane ra'ayi gaskiya ne ga mai shi, to ra'ayin wanda ya ce Furotagoras ya yi kuskure ma gaskiya ne ke nan, sai maganar ta cinye kanta.

Malaman Musulunci sun gaji wannan muhawara suka faɗaɗa ta. Imamu Nasafi, wanda ya rasu a 1142, ya buɗe littafinsa na aƙida da tabbatar da cewa abubuwa suna da haƙiƙa kuma ana iya saninta. Da Taftazani ya zo sharhinsa a ƙarni na 14, sai ya kasa masu musun haka gida uku: Inadiyya masu cewa babu haƙiƙa sam, Indiyya masu cewa haƙiƙa tana bin abin da kowa ya ƙudurta, da La'adriyya masu cewa ba su sani ba, ba su kuma san ko sun sani ba. Gida na biyun nan su ne 'yan "kowa da gaskiyarsa" na wancan zamani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda shi kansa ya shiga kokwanton gani da ji da hankali na kusan wata biyu kafin Allah ya fitar da shi, daga baya kuma ya rubuta Tahafutul Falasifa don nuna wuraren da masana falsafa suka yi iƙirarin tabbas ba tare da cikakkiyar hujja ba. Ibnu Rushdi na Andalus ya mayar masa da martani.

Ƙasar Hausa ma ta shiga wannan zance. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi jayayya da Imamu Suyuɗi na Masar a kan ilmin manɗiƙi: Suyuɗi yana hana shi, Magili yana kare shi a matsayin ma'aunin tunani. Littafin Sullam na Akhdari, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo ra'ayoyi uku a kan halaccin wannan ilmi, ya rinjayar da halaccinsa ga mai kaifin hankali da ya ƙware a Alƙur'ani da Sunna. A Daular Sakkwato kuma an yi Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wato Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan falsafa da matakan samuwa.

Kayan aikin da zan ɗauka daga wannan gado shi ne na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490. Sanusi ya kasa hukunci gida uku. Akwai hukuncin hankali, wanda ba ya jiran gwaji, kamar cewa abu ɗaya ba zai kasance akwai shi kuma babu shi a lokaci guda ba. Akwai hukuncin al'ada, wanda ake samu ta maimaituwar gani, kamar cewa wuta tana ƙonawa, ruwa yana gangarawa. Sai hukuncin shari'a, wanda ya shafi abin da ya wajaba da abin da ya halatta da abin da ya haramta. Amfanin wannan rabo shi ne yana tilasta wa mai gardama ya faɗi wace irin tambaya yake yi kafin ya faɗi amsarta.

3.0 Gwaji na farko: ina ruwan fadama ya tafi?

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Ringim ya shigo ƙasar Haɗejiya. A nan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce mai tsofaffin tuddan yashi, don haka kogin yakan rarrabu. Gabas da garin Haɗejiya akwai tsohon kogi, da Burum Gana, da mashigar Marma mai kai ruwa tafkin Nguru. Abin da ya tsira yakan haɗu da ruwan Kogin Jama'are wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. A da, rayuwar fadama tana bin hawa da saukar ruwa ne. Ambaliyar Agusta da Satumba ta shayar da shinkafa ta kuma ba kifi wurin ƙwai. Idan ruwa ya ja baya a shuka wake a kan laimar da ya bari, masunta su bi tafkunan da suka rage, shanu su sauko kiwon rani, ruwan da ya nitse cikin ƙasa kuma ya ciyar da rijiyoyi.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka buɗe manyan filayen noman rani a Kadawa, daga baya aka yi shingen ruwa kusa da Auyo. A cikin waɗannan shekaru ɗin dai aka yi farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Filin da ambaliya ke rufewa ya ragu daga sama da murabba'in kilomita 2,000 a farkon shekarun 1970 zuwa ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Nan ne gardamar "dam ne" da "fari ne" ta samo asali.

Wannan tambaya ce ta hukuncin al'ada, kuma tana da amsa. Masu binciken shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda aka fara a 1987, sun haɗa bayanan ruwan sama da na ma'aunan kogi da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace a 1993 ya tattara wannan aiki. Abin da ya fito shi ne fari ya yi nasa ɓarnar, amma madatsa ta rage ƙarfin ambaliya ko a shekarar da damina ta yi kyau, domin aikinta ke nan: ta riƙe ruwan damina ta sake shi da rani. Manomi da ma'aikacin ruwa kowannensu ya riƙe wani sashe na sababin, awo kuma ya nuna girman kowane sashe.

Sakin ruwan rani ya haifar da wata matsalar. A da mashigu sukan bushe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da ruwa ya zama na shekara duka, sai kacala ta samu gindin zama. Wanda ya tsaya a bakin mashigar da ta kama ya ga abin da ido: ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, saiwoyinta sun sarƙe a ƙarƙashin ruwa suna tare laka da yashi har ƙasan mashigar ya ɗago. Magidanta sukan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna sara, kafin shekara ta zagayo ta sake tofowa. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Da kacala da laka suka toshe tsohon kogi da Burum Gana, sai mafi yawan ruwan ya karkata mashigar Marma, ya kwanta a kan gonakin Guri da Kirikasamma zuwa Nguru, mutanen da ke ƙasa da su kuma suka rasa.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya lura da kyau. Manomin da ke bakin Marma yana cewa ruwa ya yi yawa, gonarsa ta zama tafki. Wanda ke bakin Burum Gana yana cewa babu ruwa. Mai ra'ayin Indiyya zai ce ga shi nan, gaskiya biyu masu karo da juna. Amma babu karo a cikinsu. Kowannensu yana ba da labarin wurin da yake tsaye ne a bakin kogi ɗaya, kuma idan aka haɗa labaran biyu sai su zama bayani ɗaya: ruwan da ya yi wa wancan yawa shi ne wanda wannan ya rasa. Bambancin wurin tsayuwa yana sa kowa ya ga wani sashe, hakan kuwa dalili ne na tattara shaidu, domin da babu haƙiƙa ɗaya da suke kallo, da shaidarsu ba za ta haɗu ta yi ma'ana ba. Masanin falsafa ɗan ƙasar Gana, Kwasi Wiredu, a littafinsa na 1980 ya dage cewa ba a samun gaskiya sai ta mahangar wani mai kallo, amma shi kansa ya ƙi yarda cewa hakan na nufin duk ra'ayoyi daidai suke, domin akwai ra'ayin da ya jure bincike, akwai wanda bai jure ba.

4.0 Gwaji na biyu: Sarki Buhari, gwarzo ko ɗan tawaye?

Za a iya cewa ruwa yana da ma'auni, tarihi kuwa ba shi da shi. To mu ɗauki mas'ala mafi zafi a tarihin wannan masarauta. Buhari ɗan Sambo ya hau gadon Haɗejiya a 1848. Ya kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo Nalara, ya ƙi miƙa wuya ga hukuncin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, ya karya rundunar haɗin gwiwar masarautu a Kafur a 1853, ya ci gaba da mulki ba tare da bin Sakkwato ba har ya rasu a yaƙin Gogaram da Badawa a 1863. A mahangar Sakkwato da Kano, ɗan tawaye ne da ya addabi gabashin daula. A bakin mutanen Haɗejiya da yawa, namiji ne da ya hana a taka garinsu. Victor Low ya tattara irin waɗannan ruwayoyi na baka a littafinsa na 1972 a kan Gwambe da Katagum da Haɗejiya.

Idan muka yi amfani da rabon Sanusi, za mu ga tambayar tana da hawa biyu. Hawa na farko shi ne me ya faru, kuma a nan ruwayoyin sun fi haɗuwa fiye da yadda ake zato. Ba wanda ya ce ba a yi Kafur ba, ba wanda ya ce Buhari ne ya sha kashi. Akwai ma shaida daga waje: matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa tsakanin Kano da Barno a shekarun 1850, ya ambaci Buhari da yaƙe-yaƙensa da halin da suka jefa yankin. Inda ruwayoyi suka saɓa, ana iya auna su ta hanyar duba wa ya faɗa, daga wa ya ji, me zai ƙaru da shi, kamar yadda malaman hadisi suke tantance masu ruwaya.

Hawa na biyu shi ne hukunta abin da ya faru. Nan ma kalmomin biyu ba sa kore juna. Wanda ya warware mubaya'a ya yi tawaye a ƙa'idar da shi kansa ya hau mulki a kanta, kuma wanda ya tsaya gaban rundunar masarautu da dama ya karya ta jarumi ne. Tambayar da ta rage ita ce ta adalci: me ya sami talakawan ƙauyukan da aka kai wa hari aka kama su bayi, a gabashin ƙasar Kano da sauran maƙwabta? Haka nan, shin Sakkwato ta bi hanyar da ta dace wajen warware rikicin gidan sarauta kafin ta kai ga yaƙi? Waɗannan tambayoyi masu wuya ne, amma ɓangarorin biyu Musulmi ne masu karanta littattafan fiƙihu iri ɗaya, saboda haka akwai mizanin da za a kai ƙara gare shi. Ɗan Haɗejiya yana iya alfahari da jaruntakar Buhari ya kuma yarda cewa an zalunci wanda aka raba da gidansa.

Magabatanmu sun nuna yadda ake irin wannan gardama. Ƙasar Haɗejiya da Auyo tana kan iyakar Barno da Sakkwato ne, kafin jihadi ma tana ƙarƙashin Galadiman Barno da ke Nguru. Bayan harin da aka kai Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi yana neman hujjarsu ta yaƙar ƙasar Musulmi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, kuma ya kawo wasiƙar abokin gardamarsa a cikin Infaƙul Maisuri kafin ya yi raddi. Ba su daidaita ba. Amma ba ɗayansu da ya ce wa ɗan'uwansa "kai da gaskiyarka, ni da tawa". Kowannensu ya ɗauka akwai amsa, kuma ɗayansu na iya zama mai kuskure, shi ya sa suka ɓata tawada wajen kawo hujja.

5.0 Hujjar masu "kowa da gaskiyarsa" da amsarta

Adalci ne a faɗi mafi ƙarfin abin da wancan ɓangare yake da shi. Sukan ce duk wanda ya zo mana da iƙirarin gaskiya ɗaya, da bulala ya zo. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka shiga Haɗejiya suka kashe Sarki Muhammadu da jama'a masu yawa, rahotanninsu suka kira abin da suka yi tabbatar da doka da oda, mutanen gari kuwa suka kira sarkinsu Mai Shahada. Haka masu tsara manyan ayyukan ruwa na shekarun 1970 suka ɗauki ambaliyar fadama a matsayin ruwan da rana ke shanyewa a banza, ba su tambayi masunci ko makiyayi ba. Masana irin su Richard Rorty na Amurka sun kai ga cewa abin da muke kira gaskiya bai wuce abin da jama'armu ta amince da hujjarsa ba, don haka gara a daina da'awar wata gaskiya da ta fi ƙarfin al'umma. A ganin masu wannan ra'ayi, yin haka kariya ce ga raunana.

Na yarda da ciwon da suka gano, maganin ne ban yarda da shi ba. Mu duba yadda aka gyara kuskuren masu tsara ayyukan ruwa. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka lissafa abin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke samarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke samarwa. Suka samu cewa idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, amfanin fadama ya ninka na wancan sau da yawa. Ma'ana, abin da manomin fadama ya daɗe yana faɗa daidai ne, wanda ya ce ruwan banza ne kuma ya yi kuskure. Da an tsaya a kan "injiniya da gaskiyarsa, manomi da tasa", da babu wanda zai iya furta kalmar kuskure. Haka nan mai cewa an zalunci Haɗejiya a 1906 yana faɗin abin da yake so kowa ya yarda da shi ne, har da jikokin waɗanda suka yi harbin. Idan aka ce masa wannan gaskiyarsa ce kawai, an ƙwace masa ƙararsa.

Saboda haka nake cewa wannan ra'ayi mai ƙarfi yake yi wa aiki. Idan babu haƙiƙar da za a koma gare ta, gardama ba ta ƙarewa da hujja, tana ƙarewa ne da wanda ke da ikon buɗe ƙofar madatsa da rufe ta. Mutumin da ke can ƙasan kogi ba shi da makulli, ba shi da kujera a ofis. Abin da yake da shi kawai shi ne ya nuna alamar da ruwa ya bari a jikin bango ko gindin giginya ya ce, "Bara nan ya kawo, bana ga inda ya tsaya," kuma a tilasta wa kowa ya yarda domin haka abin yake. Bernard Williams, a littafinsa na 2002, ya ce al'umma ba ta rayuwa sai da halaye biyu: ƙoƙarin gano yadda abu yake daidai, da faɗin abin da ka gano ba tare da ha'inci ba. Bahaushe ya haɗa biyun a cikin siffar mutumin kirki, shi ya sa da Kirk-Greene ya jero siffofin mutumin kirki a 1974, gaskiya na cikin na gaba-gaba.

6.0 Inda ƙafar falsafa take tsayawa

Kare gaskiya ba ya nufin falsafa tana da amsar komai. Ina ganin iyakoki uku.

Ta farko, falsafa ba ta awo. Babu tsawon tunanin da zai gaya wa mutum yawan ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil a watan Agusta, ko shekarar da aka yi Kafur. Wannan aikin mai karanta sandar awo ne da masunci da masanin tarihi. Masanin falsafar da ya yi hukunci a kan fadama bai taɓa jiƙa ƙafarsa a cikinta ba ya faɗa cikin laifin da Gazali ya tuhumi magabatansa da shi, wato da'awar tabbas a inda ba shi da hujja.

Ta biyu, falsafa ba ta iya yanke rabo ita kaɗai. Ko an gama duk awo, tambaya tana nan: nawa za a ba birnin Kano na sha, nawa ga mai tumatir a Kadawa, nawa ga mai shinkafa a Haɗejiya, nawa ga masunci a Gashuwa? Hankali yana iya kore wasu amsoshi, kamar a ce na sama ya shanye duka don shi ya fara gani. Yana iya tunatar da ƙa'idar shari'a ta hana cuta da cutarwa. Amma tsakanin rabe-raben da duk suka halatta, sai an zauna an yi shawara da waɗanda abin ya shafa. Taron da aka yi a Damaturu a 2006, inda jihohin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka amince da tsarin kula da kwarin waɗannan koguna tare da kafa masa asusu, misali ne na irin wannan zama. Aikin falsafa a wurin shi ne ta tabbatar an rarrabe abin da aka auna da abin da aka zaɓa, kada a sa wa son rai rigar kimiyya.

Ta uku, akwai abin da ya shige wa hankali gaba. Idan ambaliya ta ci gari, kamar yadda ta yi a sassan Jigawa a 2020 da 2022, za ka ji wanda ya rasa gida yana cewa, "Haka Allah ya ƙaddara." Falsafa ba ta da hurumin ƙwace masa wannan magana, kuma ba ta da abin da za ta ba shi a madadinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama, ciki har da Hisnul Afham, yana yaƙar wasu ɗaliban ilmin kalami da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda ake jero su a littafi ba. Ya san darajar hujja, ya kuma san cewa imanin bawa ba ya rataye da iya gardama. Sai dai wannan iyaka tana da fuska biyu. Imani da ƙaddara ba ya soke hukuncin al'ada. Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga Sham saboda annoba, bai ga hakan ya saɓa wa ƙaddara ba. Don haka wanda aka ɗora wa alhakin yashe mashiga ko sanar da sakin ruwa ba zai fake da ƙaddara ya tsere wa tambaya ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar nan ta nuna cewa saɓanin da ake yi a ƙasar Haɗejiya a kan ruwa da tarihi bai tabbatar da cewa gaskiya tana da yawa ba. Wani sashensa bambancin wurin tsayuwa ne, wanda tattara shaidu ke warwarewa. Wani sashen saɓani ne a kan adalci, wanda ake gardamarsa da mizanin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai. Sauran kuma ya shafi abin da hankali ba ya kaiwa, inda ya kamata mai bincike ya san iyakarsa.

Daga nan nake ba da shawarwari uku. Na farko, a riƙa bayyana awon kogi da jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa da Hausa a gidajen rediyo, domin na sama da na ƙasa su yi gardama a kan lamba ɗaya. Na biyu, cibiyoyin ilmi na wannan yanki, irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su naɗi ruwayoyin zamanin Buhari da na 1906 daga bakin zuriyar waɗanda suka yi nasara da zuriyar waɗanda aka ci da yaƙi, a ajiye su gefe da gefe kamar yadda Bello ya ajiye wasiƙar Alkanemi. Na uku, a haɗa malaman zaure masu karantar da Sullam da Ummul Barahin da malaman falsafa na jami'a a kan darasi ɗaya, domin ɗalibinmu ya san cewa tambayar da ta dame shi kakanninsa sun yi ta, sun kuma bar masa kayan aikin amsa ta. Allah ne mafi sani.